Kofi Ɗaya na Ruwan Plitvitse

Ɗana Tihomir ne ya fara ba ni labarin nan, yana cire takalman aiki a bakin ƙofa, ƙafar wandonsa a jiƙe. Shekara bakwai yana gadi a gandun tafkunan Plitvitse, bai taɓa korar kowa ba sai ranar.

Dokar wurin ɗaya ce, ko jariri ya san ta: ka bi gadar katako, kada ka taɓa ruwa. Ba wanka, ba ɗiba, ko yatsa ba a tsomawa.

Da hantsi ya hango su. Mota mai lambar ƙasar Sabiya ta kawo su, sun tsallako iyaka tun asuba. Mata da miji, yara biyu, da wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali. Yaran sai tsalle suke, an yi musu alkawarin babbar magangara inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Uban yana ta jujjuya taswira, tsohuwar kuwa tana gaba, ba ta ko kalli allon hanya ba.

A mahaɗar tafkuna biyu ta tsaya. Mai gadi ya wuce, ta bar shi. Na biyu ya wuce, ta bar shi. Da Tihomir ya ƙaraso sai ta cire takalmi, ta sauka daga gada, ta shiga ruwa har idon sawu, da wani tsohon kofin ƙarfe a hannun hagu.

Ya busa usur. Ba ta waiga ba.

"Iya, fito. An hana."

"Wa ya hana?"

"Hukuma."

"Kafin a haifi hukumar taka nake wanki a nan."

Maganarta ba ta mutanen birni ba ce. Ya ce min kamar ni yake ji, har yadda nake jan ƙarshen magana.

'Yarta Gordana ta riƙe kai. "Mama, don Allah. Za su kore mu, yara ba su ga komai ba." Ƙaramin yaron, Vuk, ya fara kuka. Baƙi sun taru suna ɗaukar hoto. Oba-obar da ke kafaɗar Tihomir ta yi magana, shugabansa yana cewa idan ba ta fito ba a minti biyu, a fitar da iyalin gaba ɗaya.

Ya durƙusa a bakin gada ya miƙa mata hannu. Ta dubi hannun, shi ma na hagu ne, ta daɗe tana dubawa. Ta karanta sunan da ke ƙirjinsa da ƙyar, tana motsa leɓe.

"Tihomir. Ba laifi. Kana da iyali?"

"Yara biyu. Iya, lokaci na tafiya."

"Ana ciyar da kai dai, na ga wuya ya yi kauri. Sanyi yana sauko maka a ƙirji?"

"Tun ina yaro ya bari."

Ta gyaɗa kai, ta sunkuya ta cika kofin fal a gabansa, a gaban mutane, ta hau gada da ƙafarta ba tare da ta kama hannunsa ba.

"Zuba shi inda kika ɗebo," ya ce, "sai in ce ban gani ba. Yara su je su ga magangara."

"Ba zan zuba ba."

"To zan fitar da ku."

"Fitar. An taɓa fitar da ni daga nan, ban mutu ba."

Surukin ya yi roƙo, Gordana ta yi faɗa, babbar yarinyar ta ce ba za ta ƙara yi wa kaka magana ba har abada. Tsohuwa ta rungume kofinta da hannu biyu. Haka ya tasa su har ƙofar fita, tafiyar rabin awa, ƙarar babbar magangara tana bayansu, ko ɗigo bai zube ba.

A ƙofa ya rubuta sunayensu da masaukinsu a garin Korenitsa. Ya ba yaran haƙuri, ya juya zai koma bakin aiki. Taku uku ya yi ya ji ruwa a dugadugansa. Ta watsa ruwan kofin duka a bayansa.

"Kin ga wulaƙanci, Mama?" ya ce min. "Har da murmushi. Ta hana jikokinta kallo don kawai ta jiƙa min wando."

Yaran yanzu ba su san komai ba. A wajenmu ba wulaƙanci ba ne. Idan naka zai kama hanya, sai ka zuba ruwa a bayansa don tafiyarsa ta gudana kamar ruwa. Ba a yi wa baƙo.

Na tambaye shi sunan tsohuwar. Ya ce Smilya. Na zuba masa miyar wake, na ce ya ci tun da zafi.

Washegari da sassafe na tattara hotunansa tun na rarrafe har na aure, na hau motar Korenitsa. Zan nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, amma ba zan bar mata ko ɗaya ba. Ita ta haife shi, ni na raine shi. Ita ma ta san haka tun shekarar yaƙi, ranar da taraktar masu gudun hijira ke jiran ta a hanya, ta miƙo min shi ta kan shingen da ke tsakanin gidajenmu yana kwana ashirin a duniya, ƙirjinsa na ƙugi, ta ce ba zai kai iyaka da rai ba.