Birkin da Ya Warke da Kansa

Zauna in ba ka misalin wani mutum, tunda ka ce matsalarka ta gyaru ba ka san yadda aka yi ba, kuma ba ka damu ka sani ba.

Mutumin nan yana da wani tsohon babur, irin wanda sai an lallaɓa shi yake tashi. Birkin gaba na mai ne, da ɗan kofinsa a jikin hannun dama, kuma nan ne yake yoyo. Kullum da safe sai ya tarar da ƙasan kofin a jiƙe, man ya ɗiga a kan tanki har ya fara cinye fenti. Yana da niyyar kai wa bakanike kafin ranar da zai mayar da 'yarsa ɗakin mijinta, don ta gama wankan jego, kuma garin mijin yana ƙasan wata gangara mai tsawo wadda birkin baya shi kaɗai ba ya riƙe babur a kanta. Ana haka maƙwabcinsa ya ari babur ɗin zuwa ta'aziyya, ya yi 'yan kwanaki. Da ya dawo da shi, sai ga abin mamaki. Kofi a bushe ƙayau, ba ɗigo ko ɗaya, hannun birki kuma ya yi tauri kamar sabo. Wani zai ce alhamdu lillahi ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi kuwa mutumin nan Allah Ya yi shi da bin ƙwaƙƙwafi, har a majalisa ana tsokanarsa cewa ko tuwo aka ba shi sai ya tambayi gonar da aka noma dawar. Ya zagaya babur, ya tsuguna, ya shafa ƙasan kofin ya duba yatsansa. Abin ya tsaya masa a rai. Mutum yakan warke, akuya takan warke, amma bai taɓa jin inda roba ta tsage ta haɗe da kanta ba. Ya kwance murfin ya leƙa. Man da ya sani fari ne tas, wannan kuwa ya yi duhu, ya yi kauri, warinsa ma daban.

Ya je ya sami maƙwabcin, ya yi masa godiya tukuna, sannan ya tambaye shi ko ya kai babur ɗin gyara. Maƙwabcin ya yi murmushin wanda ya yi abin kirki. Ya ce ai ba a mayar da abin aro da yunwa, shi ya sa ya cika tanki da fetur, da ya ga kofin birki ya yi ƙasa kuma sai ya ƙara masa daga baƙin man da yake zuba wa injin ban-ruwansa. "Mai ai mai ne, maƙwabci," in ji shi, "ga shi har yoyon ya tsaya." Mutumin bai yi musu ba, don shi ma ya ga ya tsaya. Dalilin tsayawar ne bai gane ba, sai ya tura babur har rumfar bakanike, ya ce a buɗe yana kallo. Bakanike ya zaro ɗan ƙarfen da ke cikin bututun da ke ƙarƙashin kofin, sai ga robobinsa sun kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa. Ya ɗan matsa ɗaya da farce, ta marmashe. Ya bayyana masa cewa baƙin mai ba ya shiri da irin wannan roba. Kumburin ne ya toshe yoyon, kuma shi ne zai toshe wata 'yar ƙofa da mai ke komawa ta cikinta, tayar gaba ta ƙame ana cikin gudu, ko kuma robar ta fashe a matsa birki a ji wayam. Mutumin ya tuna gangarar nan, ya tuna jaririn da za a goya a bayansa, tsoro ya kama shi. Aka sauya robobin sama da na ƙasa wajen taya, da tiyon man, aka wanke ko'ina, aka zuba man birki na gaskiya, aka yi ta matsawa ana fitar da iska har hannun ya kama.

Ranar tafiya ya ɗauki 'yarsa da goyonta. Suna tsakiyar gangarar sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ya gitta hanya. Ya damƙe birki, babur ya tsaya cak, tazararsa da amalanken ba ta kai tsawon tabarma ba. 'Yar ta yi salati ta shafa bayanta, ta ji jaririn yana barcinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.