Mai Awara a Rigar Barira

Akwai wata yarinya, ba sai an faɗi sunanta ba, tana saida awara a bakin get ɗin wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Ita nata karatun a aji uku na firamare ya tsaya. Makarantar an hana shiga da waya, duk wadda aka kama sai ta zo da iyayenta. Shi ne ɗalibai suka samo dabara. Da safe ɗaliba za ta tsuguna kamar mai sayen awara, sai ta zura wayarta a bokitin da ke ƙarƙashin tire, a rufe da tsumma, in an tashi ta zo ta karɓa. Mai awara ba ta iya karanta abin da ke fitowa a fuskar wayoyin ba, amma ta san kowacce da mai ita. In wata ta yi ƙara a cikin bokiti sai ta hau kankarar kasko da ƙarfi don kar maigadi ya ji.

Ran nan wata ɗaliba ta manta tata ta hau adaidaita. Mai awara ta bi su da gudu ba ko takalmi, ta cim musu kafin su sha kwana. Ashe malamar wasanni na tsaye tana kallo. Ita ba wayar ce ta dame ta ba, ƙafar ta gani. Washegari ta ja ta gefe. Gasar tseren makarantu saura sati ɗaya, ga Barira Haladu da aka rubuta sunanta a mita ɗari biyu ta gurɗe a ƙafa. Malama ta ce, "Ke 'yar nan, kina son karatu? To ki ciyo mana kofin nan, ni da kaina zan kai ki gun firinsifal a ba ki kujera a aji ɗaya. Amma ran nan sunanki Barira. In an yi miki magana ki sunkuyar da kai, kar ki buɗe baki." Yarinya ba ta faɗa wa kowa ba. Ko innarta ma, ce mata ta yi filin wasa za ta kai awara, an ce can ana ciniki. Sati guda ba abin da take gani sai kujerar nan, har ta zaɓi inda za ta zauna, kusa da taga.

Ranar gasa aka sa mata rigar Barira, ta yi mata yawa, takalmin kambas kuma ya matse ta sai ta cire ta ajiye. Ana busa usur ta fita kamar an harba ta. Wallahi ta kai layin ƙarshe, ta biyun tana can baya tana haki. To filin wasa ba makaranta ba ne, kowa da wayarta a hannu. 'Yan matan nan murna ta kwashe su, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka suna ihu, "Mai awara! Mai awara! Soye su, mai awara!" Ba da mugunta suka yi ba, sunan da suka san ta da shi ke nan. Lasifika dai Barira Haladu ta kira, Barira kuma na zaune da ƙafa a naɗe tana tafi. Kafin kwana biyu bidiyon ya bi wayoyi, daga wannan zuwa waccan, har ya kai hannun makarantar da ta zo ta biyu. Suka ce wai wace ce mai awara? Aka zo aka karɓe kofi.

Firinsifal da kanta ta fito bakin get, tare da malamar wasanni. Malama ta kalli yarinyar sama da ƙasa ta ce, "Ni ban san ta ba, Hajiya, yara ne suka cusa ta a layi." Yarinya ta buɗe baki ke nan wata waya ta ɗauki kiɗa a cikin bokiti. Aka yaye tsumma, waya goma sha bakwai. Masu wayoyi suka ce ai ita ce ta ce su dinga kawowa. Aka sa su sharar sati ɗaya, iyaye suka zo suka sa hannu, kowa ta karɓi tata. Ita kuwa maigadin da kullum take zuba wa awara kyauta har da yaji, shi ya ɗauki kaskonta da murhu ya dire su a tsallaken titi, ya ce in ya sake ganin ta a nan sai ya karya ƙafar da take taƙama da ita. Ba kujera, ba bakin get. Saƙo ɗaya Malama ta aiko: a wanke rigar kafin a dawo da ita.

Yanzu a tasha take suya, cikin hayaƙin motoci. Kwanaki wani direba ya miƙo mata wayarsa yana dariya, ya ce, "Ke, ba ke ce wannan mai gudun ba?" Ta leƙa. Karon farko ke nan da ta ga abin da idonta, wata siririya ba takalmi ta bar kowa a baya. Ta kalla har ya ƙare, sannan ta juya awararta ta ce, "A'a. Barira ce."

Dama Hausawa sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.