Kilishi a Dutsen Ziyara

Wallahi, Alhaji, ko na dafa Alƙur'ani ba za ka yarda ba, amma saurara. Shekarar da na je sarin yadi Indiya, mai masaukina, wanda nake sari a shagonsa, wani dattijo ne mabiyin addinin Jain, mutanen da ko sauro ba sa kashewa. Da zai tafi ziyarar dutsensu mai tsarki na nace sai na bi shi, don in dawo Kantin Kwari da labarin da ba mai irinsa. Ya kafa mini sharaɗi biyu: ba a hawa da fata, ba a hawa da abinci. Na tuɓe takalmi har da layar damtsena, na bugi ƙirji na ce ko ƙwayar gyaɗa babu a jikina. Alhali ƙunshin kilishi na nan cikin aljihun wando. Ni da na yi shekara uku ina cin ƙosai a aji malam bai gani ba, tsoho ne zai kama ni?

Matakalar dutsen ta fi taku dubu uku. Tsofaffi cikin fararen kaya na ta wuce ni, ni kuwa hankalina na aljihu. In tsaya, in waiga, in ci gaba, ko'ina ido. Can rabin hanya na zauna gindin wata bishiya, wai hutawa, ina gutsura a ɓoye. Ashe kan gidan cinnaku na zauna. Kafin in ankara sun bi ƙamshin ƙuli sun cika wandon. Ga cizo, ga ba damar murjewa, dattijo na gefena yana jan carbinsa. Na daure, na kasa, na miƙe ina tsalle kamar mai bori, sai ƙunshin ya faɗo gaban jama'a.

Bai daka mini tsawa ba. Durƙusawa ya yi, ya sa gefen mayafinsa yana kaɗe cinnakun daga ƙafata ɗaya bayan ɗaya, kada in taka su. Sannan ya ce, "Baƙona, ni na tsaya maka a ƙofar shiga dutsen nan. Ɗauki namanka ka sauka."

Na sauka ni kaɗai, ba takalmi, dutse ya ɗau zafi, ƙolin nan har yau ban gan shi ba. Washegari dattijon da kansa ya kai ni wajen wani ɗan kasuwa, ya ce in koma sari a can, shi shagonsa ba ya ciniki da mai baki biyu.

Gaskiyar masu magana, kwaɗayi mabuɗin wahala.