Wanda Makka Ta Mayar

"Likita ya ce zuciyar ta gaji, Kawu," in ji ɗan ƙanwarsa mai shago a unguwar Misfala ta Makka. "Za a yi aiki, amma ba lalle ka tashi ba."

Tsohon ya kusa sauka daga gadon don murna. Umara ta kawo shi, ga shi Makka za ta riƙe shi: a sallace shi a Harami, sahu bayan sahu, a rufe shi a ƙasa mai tsarki!

"Kawu, wannan fa maganar kuka ce."

"Kai ka yi. Miƙo mini waya."

Ya shiga kiran Sakkwato, robar iska a hanci, murya kamar ta ango. Abokan masallaci suka taya shi murna, hassada na leƙowa ta cikin addu'arsu. Ya rabar da littattafansa kaf. Daga ƙarshe ya kira maƙwabcin da ya ci masa iyakar gida, wanda ko gaisawa ba sa yi.

"Na yafe maka, Malam. Katangar ma riƙe ta."

Aka tura shi ɗakin tiyata yana murmushi.

Da ya buɗe ido sai ya ga haske fari fat. Can fuskar ɗan ƙanwar tasa ta leƙo, sharkaf da hawaye.

"Mabruk, Kawu! Halas, an gama, an dace! Maƙwabcinka ma ya bugo, ya ce shi zai tarbe ka a filin jirgi."

Tsohon ya runtse ido da ƙarfi, ya jira. Zuciyar ta ci gaba da bugawa daram.