Gonar Baba a Kwamfuta

"Wannan ba gonata ba ce?" in ji Baba, ya sunkuyo kan kwamfutata.

Ita ce. A Gwiwa aka ɗauki fim ɗin, bayan ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye. Darakta damina yake so, ni kuma gyaran kalar fim ne sana'ata, sai na mayar da gonar koriya shar.

"Kala ce kawai, Baba."

"Ga tsamiyata nan! Yaushe aka yi ruwa ban sani ba?"

Na yi bayani har na gaji. Ya hau kekensa ya nufi gona.

Da la'asar ya dawo, ya ɗora busasshiyar zangarniya a kan kwamfutar.

"To ɗan nan, gyara wannan ma."