Ɗan Takarar da Ba Ya Zagi

Fa'izu na tsaye kan buhunan gyaɗa a kasuwar Kunduru yana neman ƙuri'ar kansila, jama'a kuwa na hirarsu. Shekara ashirin ya yi a Legas. Abokan hamayya sun yi wata guda suna zaginsa, bai taɓa ramawa ba. Har aka fara raɗe-raɗin cewa baƙo ne aka ɗauko, ba ɗan marigayi Ashiru ba ne.

"Iyayena, zagi ba siyasa ba ne," in ji shi cikin lasifika. "Mu masu tarbiyya ne."

Sai kunama ta fito daga buhu ta harbe shi a yatsan ƙafa. Kafin ya ankara ya lailayo wata ashar, ya haɗa kunamar da uwarta da kakanninta. Lasifika ta kai ta har ƙofar masallaci.

Fa'izu ya sunkuyar da kai, ya tabbata takara ta ƙare.

Gwaggo Rahamatu mai ƙuli-ƙuli ta share hawaye da gefen mayafi.

"Allah shi jiƙan Ashiru," ta ce. "Ko shi haka yake jero su. Yaron nan namu ne, ku ba shi ƙuri'a."