Zaman Makoki a Gidan Obadiya

Modibbo ne ya sa aka kawo rumfa da kujerun roba. Shi ya aika kasuwar Muda Lawal aka sayo shinkafa da manja, shi ya tsaya a ƙofa yana nuna wa masu gaisuwa wurin zama. Obadiya, mai gidan, bai yi komai ba. Tun da aka zaunar da shi a gindin darbejiya yake zaune, in an miƙa hannu ya miƙa, in an ce Allah ya ba da haƙuri ya ce amin.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Job ɗan Obadiya da Mahfuz ɗan Modibbo tare suka yi rarrafe, tare suka gama sakandare, tare kuma suka samu gurbin karatun injiniya a Ankara ta ƙasar Turkiyya. Tsawonsu ɗaya, duhun fatarsu ɗaya. Job ya sha ba da labari yana dariya cewa har yanzu malamansu na can ba sa gane wane ne wane.

Ranar Juma'a Job ya kira, ya ce ƙungiyar ɗalibai za ta kai su Samsun, wani gari a bakin teku, su kwana biyu su dawo. Uwarsa Jemima ta karɓe wayar, ta ce ya tabbata ya ɗauki jar rigar sanyin da ta saya masa.

“Na ɗauka, Mama. Mahfuz za ki yi wa faɗa. Shi ne mai jin sanyi, kuma ko hula bai ɗauko ba.”

Iyakar maganar ke nan. Obadiya ko gaisawa ba su yi sosai ba, don yana sauri zai tafi taron dattawan coci.

Ranar Lahadi bayan sujada wani jami'in makarantar ya kira. Sabo ne a aikin, Turancinsa da ƙyar. Ya ce ɗaliban sun shiga ƙaramin jirgin ruwa yawon buɗe ido, iska ta taso, jirgin ya kife. An tsamo kowa da ransa, ban da 'yan Najeriya biyu da igiyar ruwa ta ja nesa. Ɗaya masunta sun same shi kansa a fashe, yana asibiti bai san inda yake ba, an naɗe masa fuska, ba a barin kowa ya shiga wurinsa. Ɗayan sai washegari ruwa ya turo shi kan duwatsu. Fuskar ba ta ganuwa, amma yana sanye da jar rigar sanyi, kuma a aljihunta an sami katin makaranta mai sunan Job Obadiya.

Jemima ta faɗi a tsakar gida. Obadiya kuwa ya ce wa mutumin na gode, ya kashe wayar, ya je ya rufe famfon da aka bari yana zuba.

Tun daga nan bai yi kuka ba. Yana jin waƙar matan zumuntar coci daga cikin gida kamar rediyon wani ne a can nesa. Fasto ya karanta masa nassi, bai riƙe ko kalma ba. Abin da ya fi lura da shi shi ne ƙafar wata kujera da ta tsage, yana ta jiran ganin wanda za ta kayar.

Modibbo bai taɓa ambaton Mahfuz a gabansa ba. In wani ya tambaye shi jikin yaron, sai ya ja shi gefe ya amsa a hankali. Ya bar shanunsa a ƙauyen Gubi hannun ƙaninsa, ba ya barin rumfar sai in an kira salla. Matarsa Habibatu ita ke kwana da Jemima. Obadiya ya ga duk wannan, ya san ya kamata ya ji godiya. Ya duba cikinsa bai same ta ba. Abin da ya samu guda ɗaya ne, ƙarami, mai muni: me ya sa ba nasa aka tsamo da rai ba? Shi ma wannan bai yi zafi ba. Yana nan kawai.

Ranar Laraba da hantsi Modibbo ya kawo masa kunu, ya zauna kusa da shi.

“Baban Job, daure ka sha. Maganar kawo gawa kuma ka bar min, na samu wanda zai bi mana takardun a Abuja.”

Obadiya ya karɓi kofin ya riƙe.

Sai wayar Modibbo ta yi ƙara. Lambar waje ce. Ya dubi Obadiya kamar mai neman gafara, ya yunƙura zai tashi.

“Ɗauka a nan,” in ji Obadiya. “Ba komai.”

Muryar mace ce, daga asibiti. Obadiya ya tsinci kalma ɗaya biyu: yaron ya farfaɗo, an cire masa robar numfashi, ga shi za a ba shi wayar. Modibbo ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa, don kada mutanen rumfa su ji. Sannan ya yi magana da Fulatanci, yadda ya saba yi da ɗansa tun yana goye.

Ya saurara. Ya sake maimaitawa, a hankali. Sai ya koma Hausa.

“Wa ke magana?”

Ya daɗe wayar na kunnensa. Fuskarsa ba ta canja ba, sai dai hannun da ya ɗora a gwiwa ya zame ya rataya. A cikin gida matan suka ɗauko wata waƙar.

Modibbo ya karɓe kofin kunun daga hannun Obadiya, ya ajiye a ƙasa a tsanake don kada ya zube, sannan ya sa masa wayar a tafin hannu.

“Karɓi, Baban Job,” ya ce. “Ɗanka ne yake neman ka.”